Henrietta Leavitt, macen da ta samo ma'aunin nisan taurari

Yara, duk wanda ya taɓa yin tafiyar dare a karkara ya san wannan abu. Kana cikin tafiya sai ka hango wuta can gabanka. Sai ka tambayi kanka: ƴar fitila ce nan kusa, ko kuwa babbar wuta ce can nesa? Ido kaɗai ba ya iya raba maka gardama. Amma in an gaya maka cewa fitilar ƙwai ce irin ta gidanku, to ka san ƙarfin haskenta. Daga yadda ta dushe maka, sai ka kimanta nisanta.

Haka taurari suke. Wani yana da haske sosai, wani da ƙyar ake ganinsa. Mai hasken nan, babba ne ko kusa yake? Dusasshen nan, ƙarami ne ko nisa ya yi? Masana sun daɗe suna fama da wannan tambaya. Wadda ta buɗe musu hanya wata mace ce, kurma, mai ƙaramin albashi. Sunanta Henrietta Leavitt. Ana faɗin sunan kamar haka: Henriyeta Lebit.

Ƙuruciyarta

An haifi Henrietta ran 4 ga watan Yuli na shekarar 1868, a wani ƙaramin gari mai suna Lancaster, cikin jihar Masacusat ta ƙasar Amurka. Ubanta limamin coci ne. Ita ce ƴar fari cikin ƴaƴa bakwai. Aikin uban yakan kai shi gari-gari, iyalinsa kuma suna biye da shi.

A zamanin nan ƴan mata kaɗan ne suke yin karatu mai zurfi, amma iyayenta ba su hana ta ba. Ta shiga babbar makarantar Oberlin a 1885. Daga nan ta koma wata makarantar mata da ke kusa da jami'ar Harvard, a garin Kambirij na Amurka, domin a lokacin jami'ar kanta maza kaɗai take ɗauka. Ta koyi harsuna, da lissafi, da zane. Sai a shekararta ta ƙarshe ta shiga ajin ilimin taurari, abin kuwa ya kama zuciyarta. Ta gama a 1892.

Wani ciwo ya same ta, ya taɓa mata kunne. Jinta ya dinga raguwa kaɗan-kaɗan har ta kurumce. Sauran rayuwarta duk ba ta cika lafiya ba. Sau da yawa takan bar aiki wata da watanni, ta koma gida jinya, in ta ji sauƙi ta dawo.

Ɗakin mata masu lissafi

Jami'ar Harvard tana da gidan nazarin taurari. Shugaban gidan, Edward Pickering, ya ƙudura ya ɗauki hoton sama duka. A kan allunan gilashi ake ɗaukar hotunan. Kowane tauraro yana fitowa kamar ɗigon baƙin tawada a kan gilashin. Allo ɗaya yakan ɗauki ɗigo dubbai, alluna kuwa sun taru jibgi. Wa zai zauna ya ƙirga ɗigon nan, ya auna su ɗaya bayan ɗaya?

Pickering ya ɗauki mata domin wannan aiki. Ya ga suna da kula, kuma kuɗin da ake biyansu bai kai na maza ba. Mai kula da su, Williamina Fleming, da farko ƴar aikin gidansa ce. Akwai kuma Annie Cannon, wadda ita ma ba ta ji sosai. Aikin dare da babban madubin hangen nesa na maza ne. Su matan da rana suke aiki, a zaune, da gilashi a gabansu da ƴar lagwanin ido mai ƙara girman abu a hannu.

Henrietta ta fara aiki a nan kyauta, ba albashi. Bayan haka ta yi tafiya Turai, ta kuma zauna wajen iyayenta ƴan shekaru. A 1902 aka ɗauke ta sosai. Ana biyanta santi 30 a awa, wato bai kai sulusin dolar Amurka guda ba.

Aikin da aka ba ta shi ne neman taurari masu canja haske. Akwai taurarin da haskensu yake ƙaruwa, ya ragu, ya sake ƙaruwa. Ga dabarar gano su. A ɗauki hoton wuri ɗaya na sama a darare biyu daban. A juya ɗaya ya zama fararen ɗigo, a bar ɗayan da baƙaƙe, a ɗora su bisa juna. Tauraron da bai canja ba, baƙinsa zai rufe farinsa daidai. Wanda ya canja kuwa, sai ya bar ɗan zobe a gefe. Henrietta ta ƙware da ganin zoben nan. A rayuwarta ta gano irin waɗannan taurari wajen 2.400, kusan rabin duk waɗanda aka sani a zamaninta.

Taurari masu numfashi

A wancan lokaci gidan nazarin yana da reshe a ƙasar Peru, kusa da garin Arekipa, cikin tsaunuka. Daga can ake aiko da hotunan saman kudu a cikin akwatuna, ta jirgin ruwa. A saman kudu akwai wasu abubuwa biyu kamar guntayen gajimare, waɗanda ba sa watsewa. Ana kiransu Gajimaren Majelan, babba da ƙarami. A gaskiya garkuna ne na taurari masu ɗimbin yawa. Mutanen kudancin Afirka suna ganinsu sarai da ido.

Henrietta ta duƙufa a kan hotunan garkunan nan biyu. A 1908 ta fitar da jerin taurari 1.777 masu canja haske da ta samu a cikinsu. Cikinsu akwai wani iri da ake kira Sefeyid. Shi wannan iri ba ya saɓa lokacinsa. Haskensa yana tashi da sauri, ya sauka a hankali, kullum cikin kwanaki daidai. Daga baya aka gane dalili: tauraron kumbura yake yi yana motsewa, kamar ƙirjin mai barci.

Ta auna taurari 16 na irin nan, sai ta lura da wani abu: waɗanda suka fi haske su ne suka fi daɗewa kafin su gama zagaye ɗaya. Ta rubuta wannan a taƙaice. Sai ciwo ya kwantar da ita, a 1911 kuma ubanta ya rasu. Da ta dawo ta ƙara bincike, har taurarin suka kai 25, duka cikin ƙaramin garke. Mafi sauri yana gama zagayensa cikin kwana ɗaya da ƴan awoyi. Mafi nawa sai ya yi kwana 127. Ta jera su a takarda, haske a gefe ɗaya, kwanaki a ɗayan. Sai ga su sun bi layi, ba wanda ya kauce sosai.

Ku lura da hankalin da ta yi a nan. Ba ta san nisan garken ba. Amma ta san taurarin 25 duk a garke ɗaya suke, saboda haka nisansu daga gare mu kusan ɗaya ne. In kana tsaye bayan gari da dare kana hangen fitilun wani ƙauye mai nisa, wadda ta fi haske ita ce babba da gaske, tun da duk a ƙauye ɗaya suke. To, haka nan. Tauraron da ya fi haske a garken, shi ne mai ƙarfin haske da gaske. Ashe ke nan yawan kwanakinsa yana faɗin ƙarfinsa. Lilo mai doguwar igiya ya fi daɗewa kafin ya je ya dawo. Babban tauraro ma ya fi daɗewa kafin ya kumbura ya motse.

Wannan ita ce fitilar da aka san ƙarfinta. Ko'ina ka ga irin tauraron nan a sama, ƙirga kwanakinsa, ka san ƙarfinsa. Dubi yadda ya dushe maka, ka san nisansa.

Takardar ta fito a 1912. Shafi uku ce kawai. Pickering ne ya sa mata hannu, amma a layin farko an ce Henrietta ce ta shirya ta.

Sauran rayuwarta

Abu ɗaya ya rage. Ana bukatar a san ainihin nisan ko da kaɗan daga cikin taurarin nan ta wata hanya daban, domin a sa ma ma'aunin lambobi. Henrietta ta faɗi haka cikin takardarta. Amma ba ita ke zaɓar aikinta ba. Shugabanta ya riga ya ɗora mata wani aiki mai cin lokaci: ta auna hasken taurarin da ke kewaye da tauraron arewa, domin su zama abin kwatance ga masana na duniya duka. Ta yi shi da hotuna 299 daga madubai 13. Aiki ne mai amfani, amma ya cinye mata shekaru.

Wasu suka ɗauki abin da ta gano suka ci gaba. A 1913 Ejnar Hertzsprung, mutumin Danmak, ya fara sa ma ma'aunin lambobi. A 1918 Harlow Shapley ya auna da shi girman garken taurarin da muke ciki, wato farin layin nan kamar hayaƙi da ke ratsa sama a dare marar wata. Ya nuna cewa rana tamu ba a tsakiyar garken take ba, tana can wajen gefe.

Henrietta ba ta yi aure ba. Bayan rasuwar ubanta ta zauna tare da uwarta a Kambirij. Abokan aikinta sun shaide ta da haƙuri, da fara'a, da riƙon addininta. A 1921 Shapley ya zama shugaban gidan, ya ba ta shugabancin sashen auna hasken taurari. Ba ta daɗe a kai ba. Ciwon daji ya kama ta, ta rasu ran 12 ga Disamba 1921, tana da shekara 53.

A 1925 wani babban masanin lissafi na ƙasar Suwidin, Mittag-Leffler, ya rubuto mata wasiƙa. Yana so ya ba da sunanta domin kyautar Nobel. Bai san ta rasu ba, kyautar nan kuwa ba a ba mamaci.

Abin da ma'aunin ya nuna

Kafin mu ci gaba, sai mu san wani abu game da haske. In kun hangi mace tana daka daga nesa, kuna ganin taɓarya ta sauka kafin ku ji ƙararta. Ƙara tafiya take yi. Haske ma tafiya yake yi, sai dai ba abin da ya kai shi gudu. Wani mutumin Danmak, Ole Rømer, ya nuna haka a Paris tun 1676. Haske yana cin kilomita 300.000 a daƙiƙa ɗaya. Daga Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne. Haske zai yi wannan tafiya fiye da sau 300 kafin ku ce ɗaya.

Kakanninmu suna auna nisa da tafiya: gari kaza tafiyar kwana uku ne. Masana taurari ma haka suke yi, amma da tafiyar haske. Hasken rana yana yin minti 8 da ƴan daƙiƙu kafin ya iso mu. Tauraro mafi kusa bayan rana tafiyar shekara 4 ne da ɗan abu. Kaza mai ƴaƴa, da kuka sani a sama, tafiyar shekara wajen 440 ce. Hasken da kuke gani nata a daren yau ya taso ne kusan zamanin da daular Songai ta faɗi, a 1591. Duk mai kallon sama, abin da ya wuce yake kallo.

Shekara biyu bayan rasuwar Henrietta, a watan Oktoba 1923, Edwin Hubble yana aiki da madubi mafi girma na lokacin, a kan dutsen Wilson cikin Kalifoniya. Ya ɗauki hoton wani ɗan tabon haske da ake kira Andoromeda. A ciki ya ga tauraro irin na Henrietta. Ya ƙirga kwanakinsa, ya yi lissafi, ya samu nisan tafiyar shekara wajen 900.000. Ashe Andoromeda wani garke ne daban, can waje da namu. Lissafin nasa ma ya gaza. A 1952 Walter Baade ya nuna cewa taurarin nan iri biyu ne, an haɗa su a kuskure. Da aka gyara, nisan ya ƙaru. Yau an san shi tafiyar shekara miliyon 2 da rabi ne.

A 1927 Georges Lemaître, wani fada na cocin Katolika ɗan ƙasar Beljik, ya nuna da lissafi cewa sararin sama buɗewa yake yi. A 1929 Hubble ya kawo awon da ya nuna garkunan taurari suna nisantar juna, kuma ma'aunin Henrietta ne tushen awon. Daga nan aka samu hanyar kimanta shekarun sararin duka. Awon zamaninmu ya ba da shekara miliyar 13 da miliyon 800.

Gardamar shekara dubu shida

A 1650 wani babban limamin coci a ƙasar Ailan, James Ussher, ya tara shekarun mutanen da aka ambata cikin Littafi Mai Tsarki na Kirista. Ya ce an halicci duniya shekara 4004 kafin haihuwar Annabi Isa. A zamaninsa ba wanda ya san nisan tauraro ko ɗaya, saboda haka ba a ga aibin lissafin ba. Mafi yawan manyan coci-coci sun daɗe da barin wannan lissafi. Amma wasu ƙungiyoyi, musamman a Amurka, sun farfaɗo da shi, balle bayan wani littafi da John Whitcomb da Henry Morris suka fitar a 1961. Suna cewa duniya da sama da taurari duk ba su wuce shekara 6.000 zuwa 10.000 ba.

Sai ga tambaya. In sama shekararta 6.000, ƙaƙa hasken da ke bukatar shekara miliyon 2 da rabi ya riga ya iso? Su kansu sun yarda tambayar tana da nauyi. Ga amsoshin da suka fi bayarwa.

Wasu suka ce awon nisan ne ba daidai ba. Amma an gwada ma'aunin Henrietta da wata hanya wadda ba ruwanta da shi. Ku miƙa yatsa gabanku, ku rufe ido ɗaya, sannan ɗayan. Yatsan zai yi kamar ya gusa. Abin da ke kusa ya fi gusawa. Haka ake duban tauraro yau, a sake dubansa bayan wata shida, sa'ad da duniya ta koma ɗaya gefen rana. Wani kumbo na Turai mai suna Gaia, da aka harba a 2013, ya auna taurari fiye da miliyar ɗaya ta wannan hanya. Da yawa cikinsu sun wuce tafiyar shekara 6.000, alhali duk cikin garkenmu suke.

Wasu suka ce a da haske ya fi gudu, daga baya ya rage. Wani mutumin Ostareliya, Barry Setterfield, ya yaɗa wannan magana wajen 1981. Da aka duba, sai aka ga tsofaffin awon sun bambanta ne domin kayan awon da ba su da kyau. Tun da aka samu kaya masu kyau, gudun haske bai canja ba. Har wasu ƴan ƙungiyoyin nan sun bar wannan amsa.

Wasu kuma suka ce an halicci hasken ne yana bisa hanya, dab da isowa. Wannan magana ba a iya gwada ta da awo. Amma ku dubi abin da take jawowa. Ran 23 ga Fabrairu 1987 an ga wani tauraro ya fashe cikin babban Gajimaren Majelan, ɗaya daga garkunan da Henrietta ta yi shekaru tana dubawa. Nisansa tafiyar shekara wajen 168.000 ne. An ga haskensa ya tashi, an ga ya ragu wata bayan wata, an ga ya haska wani zobe da ke kewaye da shi. In an halicci hasken a hanya, to wannan fashewa ba ta taɓa faruwa ba, hoton abin da babu ne aka nuna mana. Masu addini da yawa sun ƙi wannan, domin ba su yarda Mahalicci zai cika sama da labarin ƙarya ba.

Ku lura, yara, gardamar a kan lissafin shekaru take. Henrietta ƴar limami ce mai zuwa ibada. Lemaître fada ne. Awon taurari bai raba su da imaninsu ba. Abin da awon ya rushe shi ne lissafin da wani mutum ya yi a 1650, da ilimin da ke hannunsa a lokacin. Hubble ma ya yi kuskure, aka auna aka gyara. Haka ilimi yake tafiya.

Ku duba da idonku

An sa sunan Henrietta a kan wani rami a bayan wata, da kuma wani ɗan dutse mai zagaya rana. Allunan gilashinta suna nan ajiye a Harvard.

Kuna iya ganin Andoromeda da idonku. A watan Oktoba ko Nuwamba, a daren da babu wata kuma babu hazo, ku fita bayan gari bayan lisha. Ku nemi malaminku ya nuna muku taurari biyar na arewa masu kama da harafin M ko W. Daga nan ku ɗaga ido sama kaɗan. Za ku ga wani ɗan tabo fari-fari, dogo kamar ƙwayar shinkafa. Hasken da ya shiga idonku ya taso tun babu gari ko gona ko ɗaya a doron ƙasa.

Mu amsa tambayoyi

1. A wace ƙasa aka haifi Henrietta Leavitt, kuma a wace shekara?
2. Wane aiki matan gidan nazarin taurari suke yi?
3. Don me ya zama da amfani cewa taurarin 25 suna cikin garke ɗaya?
4. Hasken rana yana yin minti 8 da daƙiƙa 20 a hanya. Ku lissafa nisan rana da kilomita.
5. Ku faɗi amsoshi uku na masu cewa sama shekararta 6.000, da abin da aka samu da aka duba kowace.
6. Ku tambayi wani tsoho a unguwarku sunayen taurarin da ya sani, da lokacin da suke fitowa. Ku rubuta su cikin kayenku.